Itacen Da Ba Shi Da Mai Shi, Shi Gatari Ke Fara Ci

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, sai ka ga manyan ma'aikata sun yi jerin gwanon motoci zuwa wani fili a bayan gari. An kafa rumfa, an haƙa rami, babban baƙo ya dasa ɗan itace ya zuba masa ruwa, jama'a su yi tafi. A cikin jawaban da a kan yi a wurin, da wuya a tashi ba a ambaci wani mutum da mugun suna ba, watau mai sayar da itacen girki. Shi ne ya aske daji, shi ne ya yi wa hamada jagora. In an gama sai a watse, kowa ya koma gida ya tarad da tuwon da aka tuƙa da itacen mutumin nan da aka gama zagi. Ɗan itacen da aka dasa kuwa, kafin kaka akuya ta yi kalaci da shi.

Na daɗe ina jin wannan zargi, kuma ban yarda da shi duka ba. Abin da na ke so in nuna wa mai karatu shi ne, hana sara bai taɓa tsirar da itace ba a ƙasar nan. Itace ya kan tsira ne inda ya ke da mai shi, wanda ya tabbata cewa in ya rene shi, shi zai sare shi ya sayar ya sa kuɗin a aljihunsa ba tare da fargaba ba. In kuwa haka ne, to, ƙaramin ɗan kasuwar itace da manomi mai ɗan kurmi a gonarsa su ne ya kamata Hukuma ta jawo a jika, maimakon ta riƙa korarsu kamar ɓarayi.

Bari mu fara da abin da ba a musu a kansa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi cikin 2018 ya nuna kusan gida bakwai cikin goma a Nijeriya da itace, ko gawayi, ko kara da makamantansu su ke girki, kuma kowa ya san lissafin Arewa ya fi na Kudu nauyi. An janye tallafin kananzir cikin 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. An janye na man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin komai ya tashi, har ma'aikata da yawa waɗanda suka ɗauka sun yi ban kwana da hayaƙi suka sa aka sake kafa musu murhu a bayan ɗaki. Ban da gidaje, ga masu gidan burodi, ga masu tsire da balangu, ga matan da ke tuyar ƙosai da waina, ga makarantun kwana inda a ke dafa wa ɗaruruwan yara abinci sau uku a yini. Duk waɗannan ba za su kashe wuta ba don an yi shela a rediyo. Jihohi da dama sun sha yin shelar hana sarar itace da ƙona gawayi, amma abin da na ga ya kan biyo baya shi ne ɗaurin itace ya ƙara tsada, na goron da a ke bayarwa a shingen kan hanya shi ma ya ƙaru, motocin kuwa su koma tafiyar dare.

A unguwarmu akwai wani dattijo mai wannan sana'a, wanda na kan zauna da shi da la'asar. Ba shi da gatarin sara a daji, bai kuma taɓa kayar da itace da hannunsa ba. Mota ce ke sauke masa gungume, ya ɗauki masu faskare su farfasa, yaransa su ɗaɗɗaure, mata su aiko a saya. Daga wurinsa na fahimci cewa sana'ar nan, wadda ɗan boko ke yi wa kallon aikin ƙarfi kurum, lissafi ne tun daga farkonta har ƙarshe. Kafin ya taya kaya sai ya ɗaga gungume ya ji nauyinsa, ya buga biyu ya saurari ƙararsu, domin ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda ya sayi ɗanye ya biya kuɗin motar dakon ruwa, sa'an nan ya jawo wa kansa zagin matan unguwa, gama itacen zai yi ta tsiyaya da hayaƙi, tukunya ba ta tafasa ba. Ya kan duba iri kuma. Marke da ƙirya su ne sarakai, su kan ci a hankali su bar garwashi mai daɗewa, shi ya sa maƙera tun kaka da kakanni gawayin ƙirya su ke nema. Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, ba ta da laifi in ta bushe. Turare ya fi sauƙin faskare amma wuta ta kan lashe shi da wuri. Kuka kuwa, ko kyauta aka ba shi ba ya karɓa, don cikinta kamar soso ya ke.

Ribarsa ta shekara a damina ta ke, amma da rani a ke shuka ta. Lokacin da hanyoyin daji ke bushe, motoci na shiga ko'ina, kaya na araha, a nan ne ya ke zuba duk jarinsa ya tara. Ya kan jera gungumen a kan duwatsu ko tsofaffin turaku don kada su taɓa ƙasa gara ta shiga, ya bar tsakani don iska ta ratsa, ya rufe sama kaɗai ya bar gefe a buɗe. In ruwa ya sauka, hanya ta lalace, busasshen itace ya yi wuya, sai ya fara fitarwa. Kasadar ita ce, kuɗinsa na kwance wata huɗu ko biyar ba ya motsi, ga tsoron gobara, ga bashin masu tuya waɗanda sai sun sayar su ke biya, ga mai fili wanda kowane lokaci zai iya cewa ya tashi za a yi gini. Na tambaye shi me ya fi cin kuɗi cikin mota guda ta itace, ya ce mini kuɗin itacen kansa a daji shi ne ƙarami. Mai da ladan direba da abin da a ke ajiyewa a shingaye su ne ke cinye rabon kowa.

Wannan magana tasa ita ce mabuɗin al'amarin duka. Itace a tsaye a dajin da ba na kowa ba kusan kyauta ne. Wanda ya riga isa da gatari shi ke da shi, saboda haka ba wanda zai bar ƙarami ya girma, tun da in ya bari na bayansa ba zai bari ba. Manomin da ya rene itace shekara shida a gonarsa, ya yi masa shinge, ya kore masa awaki, zai shigo kasuwa ɗaya da wanda ya kwaso na banza. Ta yaya zai yi gasa da shi?

Akwai wani bincike da ya kamata kowane ɗalibin aikin gona da na gandun daji ya sani. Cikin shekarun 1980 waɗansu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da marigayi Michael Mortimore, suka bi diddigin itacen da birnin Kano ke ƙonawa, aka buga sakamakon cikin 1990 da sunan "Wood Fuel in Kano". A lokacin, ra'ayin masana na ƙasashen waje shi ne kowane babban birni a ƙasashen Sahel zai cinye itatuwan da ke kewaye da shi, fili ya yi ta faɗaɗa kamar sanƙo. Da aka auna sai aka tarar ba haka ba ne a Kano. Karkarar da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka fi cunkushewa, kowane taku na ƙasa da mai shi, ita ce ta riƙe itatuwanta. Manoma suna sassabe rassa, suna sayar da wanda ya tsufa ko ya mutu, suna barin na baya ya taso, ga ɗorawa ga tsamiya ga gawo ga kuka a tsakiyar gero. Ɓarnar tana can nesa, a dazuzzukan kudu masu nisan ɗaruruwan kilomita, inda manyan motoci ke shiga su yi lodi. Watau inda mutane suka yi yawa itace ya zauna, inda ba kowa ya tafi. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko zuwa Wudil ya dubi gonaki hagu da dama, sa'an nan ya je ya dubi abin da ya rage a yawancin gandayen dajin Hukuma, ba ya bukatar littafi ya gaya masa.

Dokarmu kuwa ta juya wa wannan gaskiya baya. Tsarin gandun daji da jihohin Arewa suka gada daga Turawa da zamanin En'e an gina shi ne a kan zaton cewa talaka maɓarnaci ne, sai an tsare itace daga gare shi. Shi ya sa a wurare da yawa akwai jerin itatuwan da ba a sara sai da takarda, ko da a cikin gonar mutum su ke, ko da ubansa ne ya rene su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin riƙon filayen karkara, amma manomi nawa ne ke da takardar gonarsa? Sakamakon haka shi ne, manomi mai wayo in ya ga ɗan marke ya tsiro a gonarsa sai ya sare shi tun yana ƙarami, kafin ya kai girman da malamin daji zai rubuta shi. Dokar da aka yi don ta tsare itace ita ce ta koya masa kashe shi a tsumma. Ba na ɗora wa malaman daji laifi su kaɗai. Mutum ne aka ba shi ƙasa mai faɗin gaske ya tsare, ba babur, ba mai, albashi kuma sai an ga dama. Dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku ma, tun da 'yan bindiga suka mayar da su mafaka, maganar tsaron itace a cikinsu ta zama tatsuniya.

Maƙwabtanmu na Jumhuriyar Nijar sun bi ta wannan hanya kafin mu, kuma tasu dokar, wadda ta samo asali daga ta Faransa ta 1935, ta fi tamu tsanani. A zamanin Shugaba Seyni Kountché ma'aikatan daji na cin tarar manomi a kan reshe. An kashe kuɗi masu yawa wajen renon iri da dashe bayan farin 1973, mafi yawan abin da aka dasa ya mutu. Cikin 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashe a jihar Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurarrajin sabara da kalgo da ke fitowa a gonaki, waɗanda a ke sassabewa a ƙone kowace bazara, toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, saiwarsu na can ƙasa da ƙarfinta. Ba sai an dasa komai ba. A zaɓi toho mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar a kowane kututture, a datse sauran, a rage rassan ƙasa, a bar su su miƙe. Mutanen Maraɗi suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa. Lokacin yunwar 1984 an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona, aka bar wajen 500,000. Da aka daina rabon, sai manoma suka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Abinci bai sa sun ƙaunaci itace ba. Waɗanda suka bar nasu ne suka fara samun itacen girki a ƙofar gida, da azara da dirka na sayarwa, da ganyen dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da mulki ya sassauta bayan rasuwar Kountché cikin 1987, hannun ma'aikatan daji ya yi sanyi, manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu kamar wutar daji. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram, manoma da kansu suka cika gonaki da gawo ba tare da wani Bature ya koya musu ba. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na baya, suka ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5, itatuwa kuma wajen miliyan 200. Hukuma ta biyo baya ne, ta gyara dokar daji cikin 2004, sa'an nan cikin 2020 ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Waɗannan Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Wajen ciniki ma sun yi wata dabara. Cikin 1992 suka kafa dokar kasuwannin itace na karkara. Ƙauye ya kan karɓi kula da dajin da ke kusa da shi, a ƙayyade masa abin da zai sara a shekara, a jera itacen a bakin hanya da ma'auni guda, watau tsibi mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, mai mota ya zo ya saya a nan. Harajin kuwa hawa-hawa ne. Itacen da ya fito daga dajin da aka tsara shi ke biyan mafi ƙanƙanta, wanda aka kwaso daga dajin da ba tsari shi ke biyan mafi yawa, kuma wani kaso na harajin a ƙauyen ya ke zama. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, tsarin ya yi rauni a wurare da yawa bayan da masu ba da tallafi suka janye, an sami shugabannin kasuwa da suka ci amana, an sami inda aka zarce ƙa'idar sara. Amma tushen dabarar daidai ne, kuma shi ne amsar tambayar da na yi a baya: a sa itacen banza ya daina zama na banza, don mai reno ya iya shiga kasuwa.

To, mai ɗan fili da ke son ya mayar da itace abin nema, yaya zai yi? Na san ma'aikata da yawa sun sayi gonaki a karkara suna tanadin ranar ritaya, kuma na ga yadda waɗansu suka yi hasara. Kuskuren farko shi ne a kawo katafila ta tumɓuke kututture duka don gona ta yi kyan gani, sa'an nan a je a sayo iri a leda. Wanda ya yi haka ya biya kuɗi an kashe masa jarin da Allah Ya ajiye masa a ƙarƙashin ƙasa. Toho daga tsohon kututture ya kan riga dashe girma nesa ba kusa ba, domin saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Abin da ya kamata shi ne mutum ya zaga filinsa da rani tare da wani dattijon ƙauyen, ya san me ke ciki, kafin ya taɓa komai. Dashe sai inda ba abin da ya rage. In za a dasa, tazarar mita uku-uku ta kan ba da wajen itace 1,100 a hekta, amma kada mutum ya yi lissafin riba da wannan adadi, gama fari da gara da awaki suna da nasu kason. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno cikin 1928, ta nuna tana jure ƙasarmu, kuma in an sare ta ta kan sake tohowa. Turare ma haka, sai dai shi mashayin ruwa ne, bai kamata a kai shi kusa da rijiya ko cikin fadamar da a ke noman rani ba, kuma amfanin gona ba ya jin daɗin zama kusa da shi.

Asirin riƙon kurmi shi ne kada a ci shi a zama ɗaya. A kasa filin kashi shida ko takwas, gwargwadon shekarun da irin itacen ke bukata ya kai sara, kowace shekara a sare kashi ɗaya, kafin a zagayo na farko ya komo. A yi saran da rani, da kaifin gatari, a ƙasa-ƙasa kuma a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututture ya ruɓar da shi. Shekara ɗaya ko biyu na farko bayan sara su ne masu haɗari, domin tohon yana daidai bakin akuya. Da kaka kuma, kafin iskar hunturu ta taso, a share ciyawa a kewaye a yi wa wuta iyaka, gama gobarar yini ɗaya ta isa ta cinye wahalar shekara biyar. Kada kuma a zuba komai a murhu. Miƙaƙƙen itace in an sayar da shi azara ko dirka ya fi kuɗi nesa, karkatacce da rassa su ne na faskare, ƙirare kuwa a bar wa matan ƙauye. Gawayi yana da ruɗi don ya fi sauƙin dako, amma a irin ƙunar gargajiya buhu ɗaya ya kan ci itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, saboda haka mai ɗan ƙaramin kurmi ya yi tunani sau biyu.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a littafin koyon gandun daji ba. Kurmin da mai shi ke zaune a birni, yana noma ta wayar tarho, na mutanen ƙauye ne, ko ya yarda ko bai yarda ba. Waya mai ƙaya ba ta tsare shi. Abin da ke tsare shi shi ne wani a ƙauyen ya kasance yana da rabo a ciki, a yi yarjejeniya a gaban mai unguwa cewa kaso kaza na kowane sara nasa ne. Mai gadi na albashi zai iya yin barci, amma wanda ya san itace ɗaya cikin huɗu nasa ne ba ya barci.

Na san za a ce mini, in aka sakar wa manomi mara ya sare abin da ya ga dama, ai ranar da yunwa ko biki ko rashin lafiya ya taso zai kira mai injin yanka ya kayar da ɗorawar kakansa. Wannan gaskiya ne, kuma yana faruwa yau ɗin nan duk da dokar. Ban ce a shafe jerin itatuwan da a ke tsarewa ba. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, waɗanda 'ya'yansu suka fi itacensu daraja kuma su kan ɗauki shekaru masu yawa kafin su fara haihuwa, a bar musu kariyarsu. Abin da na ke cewa shi ne a bambanta su da abin da mutum ya dasa ko ya rena don sara. Wata damuwar da ta fi wannan nauyi a wurina ita ce ta marasa gona. Tsohuwar da ke tsintar ƙirare, da matan Gwari da ke ɗauko itace a kafaɗa su jera a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, da makiyayin da ke sassabe wa shanunsa gawo da rani, duk a kan dajin da ba na kowa ba su ke rayuwa. In kowane itace ya sami mai shi, ina za su? Haka kuma wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, al'ada ba ta yarda ya dasa itace ba, don dashe alamar mallaka ce. A nan ne dajin ƙauye irin na tsarin Nijar ke da amfani, inda mai shi jama'a ce sananniya mai iyaka da shugabanci, da burtali a buɗe, da haƙƙin tsintar busasshe ga kowa. Ba kuma ina cewa gonaki za su iya ciyar da murhun Kano da Kaduna su kaɗai ba. Gas da murhu mai tsimin itace suna da wurinsu, balle ma hayaƙin murhun duwatsu uku yana cin ƙirjin mata da yara. Amma kafin gas ya kai kowane gida, shekaru za su shuɗe, kuma cikin waɗannan shekaru za a ci gaba da sara.

Sha'anin daji a hannun jihohi ya ke, saboda haka ba sai an jira Abuja ba. Majalisar kowace jiha tana iya rubuta sashe guda a fili, cewa itacen da mutum ya dasa ko ya rena a filinsa nasa ne, ya yi rajistar kurminsa sau ɗaya a ƙaramar hukuma, daga nan ya sara ya yi dako da takarda guda wadda kowane shinge zai girmama. A sauƙaƙa wa wannan itace haraji, a tsananta wa wanda aka kwaso daga gandun Hukuma. A ba masu sayarwa a gari fili tabbatacce, a san su, a yi musu ƙungiya da ma'auni, don a daina cinikin ido wanda kullum mai saye ke zargin an cuce shi. Makarantun kwana da gidajen yari da asibitocin Gwamnati, waɗanda ke sayen itace mota-mota da kuɗin jama'a, a umurce su su saya daga kurmi mai rajista kaɗai. Wannan umurni shi kaɗai zai buɗe wa manoma kasuwar da za ta sa su fara lissafi. Hukumar Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa cikin 2015 ita ma, da za ta rage ƙidayar irin da ta raba ta koma ƙidayar wanda ya kai shekara uku da rai, da ta gane da kanta wajen wa ya kamata ta kai kuɗinta.

Ɗalibanmu da ke karatun daji a Jos da Afaka da jami'o'i kuwa, yawancinsu jiran takardar ɗaukar aiki su ke yi, alhali ma'aikatun sun daɗe ba su ɗauka ba. Na taɓa ba wani daga cikinsu shawara ya nemi manoma goma a garinsu ya tsara musu sara da reno, ya haɗa su da masu gidan burodi, ya ɗauki la'adarsa. Sai ya dube ni kamar na zage shi, ya ce shi da takardarsa zai koma sayar da itace? Alhali kuwa kowane ɗan makarantar allo ya san hadisin da ya fifita ɗaukar igiya a yo itace a sayar a kan roƙon mutane. Da na ba dattijon unguwarmu wannan labari, dariya ya yi, ya ce in yaron ya sake shawara in turo masa shi, domin shi abin da ya rasa shekara da shekaru shi ne wanda zai riƙa kawo masa busasshen marke daga wuri ɗaya, a kan lokaci, ba tare da mota ta kwana uku a shinge ba.